Cikin da Ya Kai Ni Gwanja

A wani zango bayan Zariya ne wata tsohuwa ta ƙare min kallo tun daga gammo har tafin ƙafa, ta ce, "Ke kuma baiwar Allah, me za ki sayo a Gwanja da wannan 'yar kanwar da ko jaki ba zai san an ɗora masa ba?"

Na ce, "Ba saye ya fito da ni ba, Iya. Ciki zan kai wa mai shi."

Ta sauke ido kan cikina, ta daɗe a wurin. "Wata nawa?"

"Damina huɗu."

Na gyara tsayuwa ina jiran dariya, don na riga na tanadi abin da zan watsa mata. Ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya raba lafiya," ta matsa min gefen tabarmarta. Sunanta Tabawa. Ta bi hanyar goro har ta manta sau nawa, tana dafa wa fatake wake da dambu duk inda ayari ya sauka. Daga ranar nan murhu ɗaya muka haɗa.

Ni Dije ce, haifaffiyar Gwaram, aure ya kai ni Birnin Kudu. Maigidana falke ne. Sunansa ba ya fita a bakina, amma a hanya Na-Kudu ake ce masa. Mun haura shekara ashirin tare, ɗakina bai taɓa jin kukan jariri ba. Sau biyu ina ɓari tun ciki bai zama komai ba, daga nan shiru. Wata shekara ya kora jakunansa ya bi ayari kamar yadda ya saba, yana juya baya na yi ɓatan wata. Watan da ya biyo ma haka. Na yi murnar da har ta ba ni tsoro. Ayari ya dawo babu shi, aka ce an baro shi a Salga ta ƙasar Gwanja lafiya lau, zai biyo na gaba. Na gaba ma babu shi. Ciki ya ɗan tasa ya tsaya cak. Wata tara ya zo ya wuce, ko ciwon mara ban ji ba.

Matan unguwarmu ba su yi mamaki ba. Suka ce ciki ne ya kwanta saboda rashin mai shi, ai kowa ya san wadda ta ɗauki nata shekara uku ta haifi yaro da gashi har wuya. Maganinsa guda ne: miji ya dawo ɗaki, sai ya farka. Na zauna jira. A damina ta huɗu malamin unguwa ya turo matarsa ta gaya min cikin lallashi cewa kwantaccen ciki yana da iyaka a shari'a, in ya haura shekara biyar ba za a jingina yaron ga uban ba. Ɗan da na jira tun ina da ƙuruciya, ya zo duniya a ce ba shi da uba? Tunda mai shi ya ƙi zuwa, ni zan kai masa har inda yake.

Kanwar da Tabawa ta raina ba ta sayarwa ba ce, ta kunun jegona ce. A ƙarƙashinta kuma akwai majanyin da innata ta saƙa min shekarar da aka kai ni ɗaki, fari mai ratsin baƙi, wanda bai taɓa ɗaure yaro a bayan kowa ba.

Ta ukunmu Ladi ce, matar wani mai korar jakuna. Iyayenta Kanawa ne da suka zauna a Salga, shi ya sa mijin yake mai da ita gida goyon ciki, tunda haihuwar fari sai a ɗakin uwa. Yarinya ce mai kunyar tsiya. Ciki ya yi gaba, ita tana ta jan mayafi a kansa kamar da sauran wanda bai gani ba. Inna take ce min. Na ce, "Yaya za ki ce. Da ni da ke kaya iri ɗaya muka ɗauko." Tabawa ta tuntsire da dariya har sai da ta matse ƙafa, ta ce mu ji tsoron Allah mu daina ba ta dariya, haihuwa tara ta sassauta mata mara.

Ni na ɗora wa kaina kula da Ladi, tunda a ganina na girme ta a ciki. Na hana ta rake, na hana ta zuma, don an ce zaƙi yana tare hanya ranar haihuwa. Jiƙon saiwa mai ɗacin da nake sha, sai na ɗura mata rabi. Tana sha tana yatsine fuska, ba ta taɓa musa min ba.

Da muka shiga ƙasar Gwari sai duniya ta canza min fuska. Duwatsunsu baƙaƙe ne dogaye, ba irin namu na Birnin Kudu ba da yara ke hawa su sauko kafin magariba. Matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, na yi ta kallo har na yi tuntuɓe. Ayari kuwa tafiya yake kamar ba ya son zuwa. Kowane ɗan ƙauye sai madugu ya tsaya an yi cinikin wucewa, ni kuma watanni suna tsiyaye min. In aka sauka kowa ya miƙe ƙafa, ni sai in hau zagaya zango ina tare duk falken da ya fito daga Gwanja: kun ga Na-Kudu? Wani ya ce ya gan shi bara. Wani ya rantse jiya-jiya suka rabu, dogo ne mai saje, alhali maigidana gajere ne. In dawo murhu in huce haushina a kan itace.

Ga kuma zafin nan. Tun a gida ya fara min, a hanya ya ƙaru. Ina cikin tafiya da sanyin safiya sai in ji wuta ta taso daga ƙirjina ta haye wuya ta rufe fuska, gumi ya karyo, zuciya ta hau bugu. In yaye mayafi in kama fifita da faifai. Kafin a jima ya wuce ya bar ni da rawar ɗari. Na ce wa Tabawa hucin yaron ne, yana barci yana numfashi.

Ta ce, "Uhm."

Barci ya ƙaurace min, gwiwoyi suna ciwo, faɗa kuwa ko da ƙuda sai in yi. Gida ma ya dame ni, kuma ba mutane na fi tunawa ba. Yashin kogin Gwaram nake tunawa da rani, yadda muke tona shi da ƙoƙo ruwa ya tsattsafo mai sanyi, da miyar kuka da daddawarmu da ba a ɓoye ta a ɗaki. Wata rana na ji ƙamshin irinta a tukunyar wani falke, na tsaya a kansa kamar mayya har ya ji tsoro ya ɗibar min.

A Yawuri muka iske kogin Kwara. Ban taɓa sanin Allah ya yi ruwa mai faɗin haka ba. Ayari ya jibge a bakin mashigi, don sai an yi ta haye da jakuna a jirgin fito kaɗan-kaɗan. Zaman ya ishe ni, na shiga yawon kasuwa. A gindin wata tsamiya wani mutum mai layu a damtse ya kira ni, ban taɓa ganinsa ba, ya ce, "Mai kwantaccen ciki, zo nan." Na matsa kusa da shi. Daga baya na gane duk zangon nan ba wanda bai san labarina ba, ni da bakina na raba shi. A lokacin dai cewa na yi Allah ne ya haɗa mu.

Ya ce, "Wahalar me za ki sha har Salga? In kika je ba ki same shi ba fa? Ni nan sai in tashe shi, ki isa da shi yana motsi."

Munduwar azurfar innata da ke hannuna ya nuna da baki. Na zare ta na miƙa, ko gezau ban yi ba. Ya ba ni wani baƙin ruwa cike da ƙoƙo, na shanye. Kafin in ajiye ƙoƙon cikina ya hau ƙugi, wani abu ya murɗa daga dama zuwa hagu.

Ya ce, "Kin ji? Ya juya."

Na fashe da kuka na yi ta sa masa albarka. Ban kai zango ba amai da zawo suka sarƙe ni. Da Tabawa ta je neman mutumin, gindin tsamiya sai ganye.

Abin da ya biyo baya kaɗan nake tunawa. Na san an kwantar da ni a bukkar wata matar masunci wadda ko kalma ɗaya ta Hausa ba ta ji. Ita ta dinga ɗaga min kai tana ɗura min romon kifi da ludayi, tana shafa min baya, tana wata 'yar waƙa da yarensu. Ba ta san ni ba, ba ta karɓi komai ba, har yau ban san sunanta ba. Da na ɗan farfaɗo na nuna mata cikina na yi alamar goyo, don ta san mu biyu take jinya. Ta dubi cikin, ta dubi furfurar da ta leƙo ta gefen kallabina, sannan ta dubi Tabawa. Kallon da suka yi wa juna bai yi min daɗi ba.

Na jawo zanen da nake kwance a kai ina dubawa ko akwai jini. Babu. Na riƙe hannun Tabawa na ce, "Iya, in cikin nan ya zube, ku haye ku bar ni a nan. Ba ni da abin da zan je yi a gaba, ba ni da abin da zan koma wa a baya."

Ta ce, "Yana nan daram. Tashi, gobe jakunan ƙarshe za su haye."

Na tashi. Ita ta ɗauki kayana ta haɗa da nata har muka yi nisa da ruwa.

Bayan kogi ƙasar Bargu ce, kuma tun a Kano ake tsorata mutum da ita. Daji ne mai duhu, ba a yarda kowa ya ratse ko don kama ruwa sai da rakiya. Maza suka fito da kwari da baka, madugu ya hana waƙa. Mutanen ƙauyukan sukan tsaya nesa su zuba mana ido, ba sallama ba amsawa. A cikin wannan shirun ne wata rana, muna hutawa a inuwa, Ladi ta manta da kunyarta ta cafko hannuna ta ɗora a cikinta.

"Yaya, taɓa ki ji rashin kunya."

Wani abu mai tauri, kamar dunduniya, ya tokare min tafin hannu ya zame, ya sake dawowa. Cikinta a ɗaure yake tamau, mai rai, yana amsawa. Na janye hannu kamar na taɓa garwashi. Da na keɓe na danna nawa, hannuna ya nutse cikin laushi, ba abin da ya tokare shi. Na ce ai mai barci ba ya shuri. Na faɗa wa kaina haka, na sake faɗa, ranar kuma ba wanda na bari ya zauna lafiya.

Lissafin Ladi shi ne ta haihu a ɗakin uwarta, amma jinkirin Yawuri ya cinye kwanakin. Muna tsakiyar Bargu na lura tana tsayawa tana damƙe mangalar jaki, gumi yana ɗiga daga haɓarta, ba ta ce uffan ba. Haihuwar fari ba a yi mata raki, haka aka koya mana duka. Sai da na ga zanenta ya jiƙe har ƙasa na sheƙa gaban ayari.

Madugu ya ce, "Nan ba wurin tsayawa ba ne, Dije. A ɗora ta a jaki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ma a kan jaki aka haife ka?"

Na zauna daɓas a tsakiyar hanya na miƙe ƙafa, na ce duk jakin da zai wuce sai dai ya bi ta kaina. Ya kira ni masifaffiya, kuma bai yi ƙarya ba, amma ya sa aka sauka a bakin wani rafi da ke gaba kaɗan.

Muka kewaye ta da zannuwa. Ta durƙusa, na riƙe ta ta gaba, Tabawa tana baya. Abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har rana ta faɗi ta sake fitowa. Wanzamin ayari ya aiko cewa cutar gishiri ce ta tare hanya, a bari ya shigo ya yanka. Tabawa ta leƙa ta saman zane ta ce, "Ka mai da askarka kan gemun maza. Na ga wadda aka yi wa yankan nan, har ta koma ga Allah fitsari bai ƙara tsaya mata ba. Kan yaro yana hanya, lokaci ne bai yi ba." Ladi ta nutsa haƙoranta a kafaɗata, tabon yana nan har yau. Da hantsi ya ɗaga sai ga 'ya mace ta faɗo, ƙarama, tana tsala ihun da uwarta ta ƙi yi. Tabawa ta yanke cibiya. Ni na wanke mabiyiya na binne ta a gindin wata bishiyar da ban san sunanta ba, a ƙasar da ba ta san mu ba.

Haihuwa ta ƙare, jego ya fara, kuma shi na fi jin tsoro. A gida mai jego wankan tafasasshen ruwa ake mata safe da yamma, a ba ta kunun kanwa da yaji, don kada sanyi ya shige ta ta kumbura. A nan babu uwa, babu gwaggo, babu ɗaki. Kanwa ba ta yi wuya a ayari ba, amma duk a ɗinke take cikin fata, ba falken da zai farke kayansa a Bargu. Na tsaya a kan ƙunshina na daɗe. Na ce a raina ɗan kaɗan zan gutsura, in nawa ya tashi ai akwai kasuwa a Salga. Kafin mu fita daga Bargu babu ko ɓarɓashi.

Duk zangon da aka sauka, ni ce ɗibar ruwa, ni ce ƙwace itace a hannun masu shi, ni ce aron babbar tukunya. In ɗaure ganyen tsamiya in tsoma a ruwan zafi in fyaɗa mata a jiki, tana cije leɓe. Ran suna aka raɗa wa yarinya Amina, fatake suka laƙaba mata 'Yar Bargu. Uwar tana kan jaki ba ƙarfi, don haka a bayana yarinyar ta yi sauran tafiyar. Da wani tsumman Tabawa nake ɗaure ta. Majanyina yana ƙasan kaya, ban fito da shi ba, ba kuma wanda ya tambaye ni.

Salga gari ne na rijiyoyi da baƙi, inda har ruwan sha da itacen girki sai an saya. Muka miƙa Ladi ga uwarta, tsohuwar ta rungume ni tana kuka tana godiya, ni hankalina yana waje. Gidan fatoma na farko, cikin masu saukar fatake, ba su san Na-Kudu ba. Na biyu suka ce ya tashi. A na uku aka nuna min rumfar da ake zaɓen goro, na hangi wani tsoho a zaune yana jera goro cikin ganyen fita, ƙafarsa ɗaya duk tabon kurkunu. Sai da ya ɗago na gane shi.

Ya ce, "Dije? Wa ya mutu?"

Duk zagin da na tanada tun daga Zariya ya tsere min. Na ce, "Ba wanda ya mutu, Malam. Wanda ya ƙi tashi na kawo maka."

Na gaya masa a gaban mutane, kunya ta riga ta ƙare min a hanya. Goron da ke hannunsa ya zube. Shi ma ya faɗi nasa: cizon ƙudan tsando ya kashe masa jakuna ɗaya bayan ɗaya, kurkunu ya kwantar da shi, da ya miƙe kuma ya kasa haɗa ido da hanyar gida hannu wofi. Na so in ce masa da jakuna aka ɗaura min aure? Sai na ga yadda yake kallon cikina, kamar wanda aka nuna wa wata a daren salla, na haɗiye.

Fatoma ya ba mu ɗaki. Na shiga sayar da abinci tare da Tabawa. Maigidana ya sami wani ɗan rago ya ɗaure a bayan ɗaki, kullum da kansa yake ba shi dusa, yana ce masa, "Ci ka yi ƙiba, mai sunan yana tafe." Miji ya dawo ɗaki, kamar yadda matan unguwarmu suka ce. Wata ya fito ya mutu, wani ya fito ya mutu. Rago yana ta ƙiba. Kowace safiya in danna cikina, hannuna ya nutse. Da gajimare ya fara haɗuwa ta gabas na san damina ta biyar ce ke tafe, na koma ba na iya zama ko na cin loma.

Ayarin komawa ya fara ɗaure huhun goro, Tabawa za ta bi shi. Na same ta a bayan danga tana tsince wake, na ce, "Iya, kin san garin nan. Kafin ki tafi ki kai ni wurin mai magani na gaskiya. Lokaci ya ƙure min."

Ta ce, "Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Zauna, Dije. Tun Zariya kike tsaye."

Na zauna. Ta ci gaba da tsintar wakenta, ba ta dube ni ba.

"Kafin wankinki na wata-wata ya ɗauke, bai yi miki wasa ba? Wani wata ya zo da yawa, wani ya ƙi zuwa?"

Na ce ya yi, kusan shekara.

"Zafin nan da kike cewa hucin yaro ne, ni ma na yi shi. Rashin barcin, da ciwon gwiwar, da faɗan, duk na yi, har kishiyar ƙuda na zama. Ban ce ba a yin kwantaccen ciki ba, Allah ne masani. Naki dai na san shi, don ya bi ta kaina. Ba ciki ba ne, 'yar nan. Girma ne. Kowace mace in ta yi tsawon rai sai jinin ya sallame ta."

Na buɗe baki zan yi mata abin da na saba, sai innata ta faɗo min a rai. Shekarar da na fara wanki, ranar da ta ja ni bayan rumbu ta ba ni tsumma ta koya min yadda ake ɗaurawa da ranar da ake komawa salla, a shekarar nan ce take zama a ƙofar ɗaki da sanyin hunturu, zane a sassauce, tana fifita da faifai gumi yana zuba. Mu yara muna ta yi mata dariya. Ba ta taɓa gaya min ko mene ne ba. Farkon abin ta koya min, ƙarshensa ba wanda ya koya min.

Ban yi ihu ba. Wani abu ne ya sauka daga ƙirjina ya bar rami. Yaron nan na san shi, na yi masa hira a hanya, na ba shi haƙuri a Yawuri, na zaɓa masa kamannin ubansa. Yanzu ko kabarin da zan nuna babu.

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da kika fara yaye mayafi a ƙasar Gwari."

"A Yawuri kika dube ni kika ce yana nan daram."

Ta ce, "Ke da bakinki kika ce in babu shi a bar ki a bakin ruwa. Ni kuma tsohuwa ce, ba ni da ƙarfin haƙa rami."

Ta tura min faifan waken, muka ƙarasa tsincewa tare, ina yi hawaye yana ɗiga a ciki.

Saura maigidana. Na same shi da la'asar a bayan ɗaki, ya tsuguna yana sosa wa rago wuya. Na tsaya a kansa na faɗa masa duka a tsaye, don na san in na zauna ba zan iya ba. Na ce babu yaro, ba a taɓa yin sa ba, kuma ba za a yi ba, ƙofar ta rufe. Na ce in yana son ya nemi wadda za ta haifa masa, ban hana shi ba.

Hannunsa ya tsaya a wuyan ragon.

Ya ce, "Dije, da babu shi, da kin zo?"

Na ce, "Da ina Birnin Kudu ina tsine wa jakunanka."

Ya gyaɗa kai. Ya share ido da hannun riga, ya miƙe da ƙyar a kan ƙafar nan tasa, ya fara kwance igiyar.

"Ni da ƙafafuna na kasa zuwa inda kike. Yaron da ya tako da uwarsa tun daga Birnin Kudu har Salga, ba za a hana shi ragonsa ba."

Washegari aka yanka shi sadaka. Ba a raɗa suna ba, ba a yi guɗa ba, maƙwabta suka ci nama ba su san na mene ne ba. Tabawa ta ci har ta yi guzuri. Ladi ta zo da 'Yar Bargu, ta yi ɓul-ɓul, ta fara zama. Na shiga ɗaki na zazzage kayana, na ɗauko majanyin innata, har lokacin da karin ninkinsa. Na ce, "Miƙo min ita, hannuna biyu nake so in raba naman nan."

Ladi ta dubi majanyin ta dube ni, ta ce, "Yaya..."

Na ce, "Inna za ki ce."

Na sunkuya aka ɗora min ita, na ja majanyin na ɗaure a ƙirji. Ban gama zagaya gida da ƙwaryar nama ba na ji ɗumi yana bin bayana, yarinyar ta jiƙa shi sharkaf. Ladi ta taso da sauri tana ba ni haƙuri za ta karɓe ta. Na ce ta koma ta zauna. A jikina ya bushe.